Stamen Ba Ya Barin Shara Ta Kwana

Shafi na 6

Waɗanda suka zagi Stamen a ƙarƙashin shafin jiya, ku rage sauran zagin, yau za ku buƙace shi.

Ranar Lahadi da tsakar rana Nevena ta zuba tarator a kwanuka uku, miyar nonon nan mai sanyi da kokwamba da tafarnuwa, ta ƙwala wa 'yarta Ralitsa kira ta fito a ci. Mijinta Stamen ya riga ya zauna. Sai murmushi yake shi kaɗai, kamar wanda ya ɓoye tsaraba a bayansa. Jira yake Ralitsa ta buɗe kwamfutarta ta ga aikin da ya yi mata.

Jarrabawar shiga makarantar likitanci ranar Laraba ce, a birnin Pleven. Bara ta zauna, kaɗan ya hana ta samu. Tun daga nan yarinyar ba ta san biki ba, ba ta san yawo ba, daga ɗaki sai gidan Malama Kirova mai yi mata darasi. Stamen bai wuce makarantar koyon sana'a ba, ba abin da ya sani game da ƙoda ko hanta. Amma shi ne mai kula da sito a masana'antar wayoyin lantarki, kuma a wajen tsara kaya duk garinsu Gabrovo ba ya jin akwai na biyunsa. Yau da safe, da ta tafi gwajin ƙarshe a gidan malamar, ya sa tabarau, ya zauna a baranda da wayarsa, ya yi mata abin da ya iya.

Ƙarar da ta fito daga ɗakin ba ta murna ba ce.

"Mamo! Mamo!"

Ralitsa ce ke kiran uwarta. Ta fito da kwamfutar a buɗe.

"Wani ya shiga rubutuna."

"Wane rubutu kuma?"

"Manhajar da nake ajiye karatuna! Dubi! Ba haka na bar ta ba!"

Nevena ta goge hannu a jikin riga ta leƙa. Da can in ka buɗe manhajar nan, rubutu ne jibge kamar kasuwa ta watse, wani ko suna babu. Yanzu kuwa folda ce reras, kowace da launinta, kowace da lamba, sunayen da manyan baƙaƙe masu kauri. JIKIN MUTUM. ƘWAYOYIN HALITTA. TSIRRAI. SINADARAI.

Nevena ta daɗe tana kallo. Ta san wannan hannun. Shi ne a jikin kwalaben da ke ɗakin ajiya na ƙasa: ƘUSOSHI MANYA, ƘUSOSHI ƘANANA, ƘUSOSHI MASU TSATSA.

Ta juyo a hankali.

"Stamene."

Ya ajiye cokali, ya gyara zama.

"Ni ne. Ba sai an yi godiya ba."

Ralitsa ta juyo ga ubanta.

"Kai ne me, Tate?"

"Ni na gyara miki. Rali, yaya mutum zai yi karatu a cikin wannan juji? Na ga ƙoda, na ga ƙoda biyu, na ga ƙoda kuma, na ga ƙoda ta gaskiya. Akwai ma wadda kika sa wa suna na gaji. Ƙoda nawa ce a jikin mutum? A sitona in na samu abu ɗaya da suna biyar, sai wani ya rasa aikinsa."

"Ina sauran?"

"Na zaɓi wadda ta fi tsabta a kowane darasi, na sa mata kan magana, na jera ta. Yanzu ko ido rufe..."

"Tate. Ina sauran?"

"Masu jan layi birjik ɗin nan? Waɗanda kika ɓata? Na zubar."

Ta ajiye kwamfutar a kan tebur har kwanon miya ya tuntsure gefe, ta danna kwandon sharar manhajar, inda abin da aka goge yake zama kafin ya tafi gaba ɗaya.

Wayam.

Ta sake dannawa. Wayam.

"Ka... ka share kwandon ma?"

"To me zai zauna yi? Kin san ni ba na barin shara ta kwana."

Ihun da ta yi sai da karen maƙwabta ya amsa.

"Shara? Shara ka ce? Shekarata guda ce ka kira shara!"

"Ke, ki rage murya, da ubanki kike magana."

"Ba zan rage ba! Ka san mene ne mai tsabtar nan da ka bari? Wanda na kwafa daga littafi ne! Yana nan a littafi, ko yaro zai iya buɗewa ya gani! Sauran su ne nawa. Kowane darasi sai na rubuta shi da ka, ba tare da na duba ba, in kai wa Malama Kirova, duk inda na kauce ta sa in ja masa jan layi in rubuta gyaran a ƙasa. In sake rubutawa, in sake kaucewa a wani wuri. Jan layin nan shi ne abin da kaina yake mantawa! Shi kaɗai zan karanta daga yau zuwa Laraba! Yanzu ka ce in koma in haɗiye littattafai huɗu a kwana biyu?"

Stamen mutum ne da idan ya tsorata, faɗa yake fara yi.

"To wa ya ce ki bar su ba suna? Da kin rubuta kada a taɓa, ai da ban taɓa ba! Abu mai muhimmanci ana sa masa alama!"

"In rubuta wa wa? Wa nake tsammani zai shigo?"

Nevena ta riƙe ƙugu.

"Sannu, Injiniya. Sannu, sarkin sito. Mutane na neman gira, kai ka je ka ƙwaƙule idon gaba ɗaya."

"Ke ki yi shiru, ba ki san komai a kan waya ba."

"Gara ni. Rashin sanina bai taɓa goge wa kowa rayuwa ba."

Ralitsa ta ɗaga hannu, kamar wadda wani abu ya faɗo mata yanzu. Muryarta ta sauka, kuma saukar ta fi ihun ban tsoro.

"Tsaya. Ta ina ma ka shiga? Kwamfutata tana da makulli. Wayata tana jakata."

Ya kalli miyarsa.

"Tate, da kai nake."

"A wayata yake."

"Me yake a wayarka?"

"Komai. Duk abin da kika rubuta a can, yana fitowa a nan. Ni na buɗe miki wayarki ta farko kina ƙarama, da sunana, da akawun ɗina. Ba ki taɓa canzawa ba. Laifina ne?"

"Tun yaushe ka sani?"

"Na buɗe ne in rubuta lambar tayar mota, sai na ga..."

"Tun yaushe?"

"Tun lokacin sanyi."

Ta ja kujera ta zauna. Ta jawo kwamfutar, ta gangara ƙasan jerin, ta wuce tsirrai, ta wuce sinadarai. Can a ƙarshe akwai wata folda mai launin toka, ita ma da lambarta, da manyan baƙaƙenta.

BA NA KARATU BA.

Ta buɗe. Ta ga rubutun da ta yi ranar da sakamakon bara ya fito. Ta ga wanda ta yi wa wani yaro, ba ta taɓa aikawa ba. Ta ga wanda ta zazzage haushin uwarta a ciki. Duk an jera su bisa kwanan wata, an sa wa kowanne kan magana.

Ta yi wata irin dariya marar daɗi.

"Mamo, zo ki ga. Ya yi wa sirrina folda."

"Ban goge ko ɗaya a ciki ba," in ji Stamen da sauri. "Waɗannan ban taɓa ba."

"Ba ka taɓa ba? Ta yaya ka san ba na karatu ba ne? Ƙamshinsu ka ji?"

"Sai na duba kafin in san inda zan sa abu!"

"Ka karanta."

"Na duba."

"Ka karanta! Wata da watanni ina zaune da kai a teburin nan, kana miƙo mini burodi, kana tambayata yaya karatu, alhali ka riga ka karanta amsar a bayan gida!"

"Ni ubanki ne!" Ya buga tebur, cokula suka yi tsalle. "Ba kya magana! Kin shiga ɗaki kin rufe ƙofa, kin rame, in na tambaya ki ce lafiya lau. To ta ina zan san halin da 'yata take ciki? A jarida? Da ban duba ba, yaushe zan san kin riga kin sayi tikitin motar Jamus?"

Maganar ta fita kafin ya kama ta.

Nevena ta saki tsumman da ke hannunta.

"Tikitin me?"

Ta juya ga 'yarta.

"Ralitsa, tikitin me?"

Yarinyar ta kalli ubanta, irin kallon da bai taɓa gani a idonta ba.

"Na gode, Tate." Ta juya ga uwarta. "In na sake faɗuwa, ba zan zauna shekara ta uku ina cin abincinku ba. Yaya Kalin ya samo mini aiki a gidan kula da tsofaffi, kusa da inda yake. Motar ranar Asabar ce. In na ga jarrabawar ta yi kyau, in yaga tikitin. In ba ta yi ba, in hau."

"Kuma ba ki gaya mini ba? Ni da na haife ki?"

"Da bakina nake so in gaya miki, bayan Laraba."

Nevena ta koma kan mijinta kamar za ta cinye shi ɗanye.

"Kai kuma ka sani! Ka kwanta kusa da ni kana minshari, ka san 'yata na shirin tafiya, ba ka ce uffan ba!"

"In ce me? In ce a ina na gani?"

"Au, ashe ka san abin kunya ne!"

"Na san abu ɗaya!" Muryarsa ta fashe. "Kalin ma shekara ɗaya ya ce zai yi. Yau 'ya'yansa in sun kira, sai ya tsaya yana fassara musu abin da kakansu ya ce. Ɗa ɗaya ya riga ya koma sai a waya nake ganinsa. Ba zan yi biyu a waya ba! Na ce bari in taimaka mata ta ci jarrabawar nan ta zauna. Ban iya ƙoda ba, ban iya sinadari ba, jera kaya na iya. Shi na yi! Kashe ni za ku yi?"

Da wata rana ce, wataƙila da maganar ta sanyaya wani. Yau ba ta sanyaya kowa ba.

A bakin taga akwai 'yar tukunyar jan ƙarfe da Nevena ta goge jiya har tana ƙyalli, wadda za a cika da ruwa a kwarara a gaban Ralitsa ranar Laraba in za ta fita, don al'amarinta ya tafi sumul kamar ruwa. Ralitsa ta nuna ta da haɓa.

"Mamo, mayar da tukunyarki kabad. Ba inda za ni ranar Laraba. Ba zan je in zauna a gaban mutane in sake jin kunya ba. Shi da yake tsoron in hau mota, da hannunsa ya kai mini jaka tasha."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Ƙofar ta bugu har hoton bikin iyayenta ya karkace a bango. Stamen ya miƙa hannu zai daidaita shi.

"Ka taɓa shi," in ji Nevena, "in fasa maka shi a ka."

Ya janye hannun.

Suka zauna, miya na ɗumama a kwano, ba mai kallon wani. Ba a jima ba ƙofar ta sake buɗewa da ƙarfi. Ralitsa ta fito idanunta jajir, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Allona."

"Wane allo?"

"Tsohuwar kwamfutar hannuna. Na manta da ita gidan kakata Babo, lokacin da na je ƙauye karatu farkon watan nan. Batirinta ya mutu, na jefa ta a aljihun tebur. Duk rubutuna yana ciki, ban da na 'yan kwanakin nan. Mamo, ki ce wa mijinki ya fito da mota."

Stamen bai jira a ce masa ba. Ya fizgi makulli ya gangara matakala bibbiyu, zuciyarsa na cewa ga dama ta samu, ga inda zai wanke kansa. Kafin su sauko ya tayar da mota, ya goge gilashi, ya yi wani ɗan kira a waya, ya mayar da ita aljihu yana jin daɗin kansa.

Ralitsa ba ta zauna gaba ba. Ta shige baya ta rungume jakarta. Nevena ce ta zauna kusa da shi, fuska a ɗaure.

Sun bar gari, sun kama hanyar da ke hawa dutse. Sai da suka wuce gidan mai na ƙarshe Stamen ya gwada.

"Rali, in muka samu, zan..."

"Mamo, ki ce wa mijinki ya kalli hanya."

"Ka ji, ka kalli hanya."

Ya kalli hanya.

"Kuma ki ce masa in mun isa, kada ya taɓa komai. Ko ƙofa kada ya buɗe. Ni zan fara shiga in cire akwatin intanet daga wuta, sannan in kunna allon."

"Don me sai an cire?" in ji Nevena.

"Don allon bai san an yi ɓarna ba. Tun da ya mutu bai ji labarin komai ba. Da zarar ya farka ya samu intanet, zai tambayi sauran me ake ciki, su ce masa an goge, shi ma ya goge nasa. Shi ke nan, ba sauran wani wuri. Sa'ata ɗaya ita ce batirin a mace yake."

Motar ta ɗan yi tangal-tangal.

Nevena ta kalli hannun mijinta a kan sitiyari. Ta kalli zufar da ta tsatso masa a goshi. Shekarun da ta yi da mutumin nan ba na banza ba ne.

"Stamene."

Ya ƙura wa hanya ido.

"Stamene, me ka yi?"

"Ba komai."

"Wa ka kira da muna saukowa? Na hango ka ta taga."

"Mama na kira. Don kada mu je mu ɓata lokaci."

Ralitsa ta matso tsakanin kujerun biyu.

"Me ka ce mata?"

"Na ce ta nemo shi."

"Sai me?"

"Ta... ta saka shi a caji. Don mu tarar ya cika."

Abin da ya biyo baya ba magana ba ce. Nevena na dukan kafaɗarsa da jakar hannu, Ralitsa na ihu a kunnensa, shi kuma yana rantsuwa bai sani ba, yana neman inda zai tsaya a hanyar da gefe ɗaya dutse ne, ɗaya gefen rami.

"Kada ka tsaya! Taka mota! Mamo, kira Babo! Kira ta!"

Ƙauyen Kaka Donka, mahaifiyar Stamen, ba ya samun sabis, sai ta intanet ake kiranta. Wayar ta yi ta ringi har ta katse. Aka sake. Ta sake katsewa.

"Tana lambu," in ji Stamen. "Wannan lokacin tana wajen tumatir."

"Ba wanda ya tambaye ka!"

A kira na uku aka ɗauka. Muryar tsohuwar ta cika motar, cike da fara'a.

"Nevena? Kun taho? Na ɗora wake, ku ce wa Stamencho ya tsaya ya sayo burodi, na nan ya bushe..."

"Babo, ni ce, Rali! Allon nan, kin saka shi a caji?"

"Tun ɗazu, 'yar lele. Da kyar na samu wayar cajin, ashe kyanwa ce ta ja ta ƙarƙashin gado. Ubanki ya ce..."

"Ya kunnu? Duba mini, ya kunnu?"

"Bari in sa tabarau. Ina na ajiye shi ma... Baƙi ƙirin yake, sai wani ɗan jan abu a tsakiya."

"Cire shi! Cire wayar cajin yanzu!"

"In cire? Wannan ya ce saka, wannan ta ce cire. Ku dai mutanen birni... Af! Ga shi ya farka. Kai, ga hotonki da kyanwata! Kin yi kyau a nan, kafin ki rame."

Ralitsa ta dafe kai da hannu biyu.

"Babo, saurare ni da kyau. Akwai maɓalli a gefensa, ta sama. Danna ki riƙe."

"Wanne? Uku ne."

"Na saman!"

"Na danna. Yanzu fuskata nake gani. Wayyo, haka na tsufa?"

"Bar shi, bar shi! Je ki wajen akwatin intanet, mai 'yan fitilu kore, ki zare shi daga bango!"

Tsohuwar ta yi tsaki.

"Ai wannan ba ya zaruwa."

"Kamar yaya ba ya zaruwa?"

"Tambayi ubanki."

Ido huɗu suka juyo kan Stamen.

Mu mutanen Gabrovo an daɗe ana mana tsiya wai muna yanke wa kyanwa wutsiya don a yi saurin rufe ƙofa kada ɗumin ɗaki ya fita. Ko ƙarya ne a kan kowa, a kan Kaka Donka gaskiya ne. Duk dare sai ta zare akwatin nan wai fitilunsa na shan wuta a banza, da safe ta manta ta mayar. Stamen ya yi ta kira ba ya samunta, ya yi ta tunanin ta faɗi a bayan gida ba mai ɗaga ta. Rannan ya ɗauki kayan aikinsa ya je ya rufe akwatin da soket ɗin gaba ɗaya a cikin wani gidan ƙarfe, ya ɗaure da ƙusoshi huɗu, ya manna takarda: KADA A TAƁA.

"Don lafiyarta na yi," ya ce da ƙaramar murya.

"Kai komai don lafiyar wani kake yi!" in ji Nevena. "Da lafiyarka za ka ƙarar da mu!"

"Babo, me allon yake yi yanzu?"

"Wani ɗan zobe ne a sama yana ta juyawa, yana ta juyawa."

Ralitsa ta fashe da kuka. Kukan ne ya shiga Stamen inda zagi bai shiga ba. Ya fizge wayar daga hannun matarsa, hannu ɗaya a sitiyari.

"Mamo! Ni ne. Je ki zaure, wajen mita. Kashe wutar gidan gaba ɗaya."

"Firjina fa? Akwai nama a ciki."

"Zan saya miki wani naman! Babban maɓallin nan baƙi, na hagu, ja shi ƙasa!"

"Ka san ba na kaiwa. Kai ka ɗaga shi sama wai don kada yara su taɓa. Waɗanne yara, oho. Bari in jawo kujera."

"Kada ki hau kujera! Mamo, kada ki hau! Ɗauki sandar tsintsiya!"

"Yau na ga ikon Allah. Ni da gidana ana ba ni umarni kamar soja."

Suka ji takunta, ɗaya bayan ɗaya, silifas na jan ƙasa. Suka ji ƙofa. Suka ji ta tsaya tana yi wa kyanwa faɗa ta matsa daga hanya. Ralitsa ta cusa yatsu a baki tana cizo. Stamen na taka mota a kwanar da ko ƙwararren direba ba ya gudu a cikinta, Nevena ta riƙe ƙofa tana kiran sunan Allah.

Ta madubi ya hango fuskar 'yarsa. Ita ma shi take kallo.

"Tate," ta ce, karo na farko da ta kira shi haka tun da suka shiga motar. "In ya goge, kada ka biyo ni tasha ranar Asabar. Ba na son ganinka a can."

Ya mayar da ido kan hanya.

Ƙwas! Sandar ta bugi ƙarfe.

"Na kuskure," in ji tsohuwar. "Hannu ɗaya nake yi, allon na ɗaya hannun, ku kuma kuna aljihuna."

"Ajiye allon, Mamo!"

"A ƙasa? Abu mai tsada? Tsaya, na saƙalo shi. Yana da tauri... Rali, kina ji? Zoben nan ya daina juyawa. Wani rubutu ya fito a kansa."

"Me ya ce? Babo, me ya ce?"

"Ƙanana ne baƙaƙen. Bari in matso da shi. Ya ce wai an..."

Ƙit.

Wayar ta ɗauke. Wutar gidan tsohuwar ta tafi, intanet ya bi ta.

Stamen ya kalli allon wayar, ya kalli hanya. Saura lanƙwasa biyu a kan dutse da gada kafin ƙauyen. A bayansa ya ji ƙarar zif. Ralitsa ce ta buɗe jakarta, ta zaro tikitin Jamus, ta shimfiɗa shi a kan cinyarta, ta dafe da hannu.